Kwamfutar Yaya Sani da Ta Ƙi Kawo Hoto

Duk wanda ya zauna da yayana Malam Sani mai gyaran agogo a Malumfashi ya san ba ya karɓar abu sai ya juya bayansa ya duba. Ko ƙosai aka miƙa masa, sai ya raba shi biyu ya leƙa ciki kafin ya kai baki. Zan faɗi labarin kwamfutarsa bi da bi, yadda ya faru.

A shekarar da aka ce sai ƙungiyar manoman unguwarmu ta tura sunaye ta intanet kafin a ba ta taki, ni ne sakatare. Na ce mu je shagon buga takardu. Yaya ya ce can ake cire sunan wani a sa na wani. Na ce to mu sayi kwamfuta.

Ya ce, "Wadda aka haɗa a bayan idona? Wa ya san abin da aka rage a ciki?"

Ya hau mota zuwa Funtua, ya sayo kayan guntu-guntu, ya yi kwana uku yana haɗawa da hantsaki, gilashin agogo a ido ɗaya.

Ranar Litinin muka kunna. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Ranar Alhamis ake rufe karɓar sunaye, ga mutanenmu sun gama shuka suna jiran taki.

Na farko da Yaya ya zarga shi ne maƙwabcinsa mai injin niƙa, wai injin ne ke tsotse wutar kafin ta kai allo. Bawan Allah ya kashe inji don a zauna lafiya. Allo bai canja ba. Yaya ya ce, "Ai tun jiya ya tsotse ta."

Talata abin ya faɗo kaina.

"Kai ne ka tsaya bayana lokacin da nake haɗawa?"

"Ni ne, Yaya."

"Kana ta tari."

"Mura nake yi."

"To ka ji. Da bakinka ka amsa."

Laraba na kira mai shagon Funtua, na buɗe muryar waya kowa ya ji. Ya ce akwai wani siririn faranti mai haƙora da ake kira ram, a danna shi cikin gurbinsa da ƙarfi har ya yi ƙara. Yaya ya karɓe wayar ya kashe.

"Ka ji dabara? In danna ya karye, in koma wurinsa. Shekara arba'in ina gyaran agogo, ban taɓa danna komai da ƙarfi ba. Abin kirki da kansa yake zama."

Ya kashe kwamfutar, ya hana ni taɓawa, muka tafi sallar la'asar. Matarsa Hajiya Rabi tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, duk ta ji. Da muka dawo, allo na haske, ita kuwa tana kan tabarmarta.

"Hajiya, wa ya shiga ɗakin nan?"

"Ni ce, Malam."

"Me kika yi?"

"Abin da mutumin Funtua ya ce. Babban yatsa na sa, kamar gyaɗa. Farantin ya ce ƙas, na kunna."

Yaya ya ɗora gilashi a ido, ya daɗe yana neman inda ya tsage. Bai samu ba. Na zauna na tura sunayen kafin magariba, yana tsaye a kaina yana bin kowane da yatsa. Da na gama ya sunkuyo ya rage murya.

"Ka sa mata ido, kwamfutar nan. Abin da sai an matsa masa yake aiki, ba da zuciya ɗaya yake yi ba."

Taki ya zo, kowa ya samu. Ban ji ya gode wa Hajiya ba, amma washegari na iske shi a gefen tabarmarta yana taya ta ɓara, kafin ya fasa ɗaya ta fasa goma.

Bana da kaka Yaya ya rasu. Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya bi da shi a hankali yadda ya bi da duk abin da ya shiga hannunsa. Amin.