Rawanin da Ya Ɗaure Rufin Mota

Jiya da ƙanƙara ta fara dukan kwanon ɗakina, sai na tuna surukina.

Yana da wata tsohuwar mota mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Ranar da ya ɗauko ni daga Takieta da jaririna za mu asibiti, jikin yaron zafi rau, hadari ya tare mu a daji. Ya ja rufin, amma rana ta riga ta sa tamfol ɗin ya tsuke, ya ƙi kaiwa gilashin gaba. Ƙanƙara ta fara zuba. Na kifa jikina a kan yaron, ina jin numfashinsa sama-sama.

"Baba, ja da ƙarfi!"

"A'a, 'yata, yagewa zai yi."

Ya sassauta kusoshin baya, rufin ya matso, amma maƙalin gefena ya ƙi kamawa. Sai dattijon da ban taɓa ganin kansa a buɗe ba ya warware rawaninsa, ya ɗaure wurin tam. Ƙanƙara ta fasa masa goshi, ko ɗaya ba ta taɓa yaron ba.

Allah ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa.