Malam Lawali da Sufeton da Ya Tara Rabi da Sulusi Ya Sami Biyu Bisa Biyar

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Lawali makwancinsa a Katuru, garin da aka haife shi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, duk da cewa mun yi shekara goma sha ɗaya muna koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Ƙauran Namoda, ajinsa na jikin nawa, bango ɗaya ne tsakaninmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani jawabi da na ji a watan jiya, inda aka ambaci sunansa a bakin da bai kamata ya ambace shi ba. Zan zo kan jawabin. Sai na fara gaya muku wane ne mutumin.

Dogo ne siriri, ba ya son surutu a ɗakin malamai. Kowace shekara idan an gama yankan dawa, sai ka gan shi ya ɗauro damin kara a bayan keke ya shigo da shi makaranta. Ranar Asabar yake zama ya yayyanke su da wuƙa, duka tsawo ɗaya. Idan aka zo darasin kaso, wato su ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku, kowane ɗalibi na aji ɗaya zai sami kara uku. Na farko a raba shi biyu, na biyu a raba shi uku, na ukun kuma a yi masa tsaga shida daidai wa daida. Sai ya ce su ɗora rabin a jikin mai tsaga shida su ƙirga, su ga ya ci tsaga uku. Su ɗora sulusin, su ga ya ci biyu. Sati biyu yake yi a nan kawai, har sai yaro ya yarda da idonsa cewa rabi da biyu bisa huɗu da uku bisa shida abu ɗaya ne. Kafin nan ba ya barin kowa ya tara komai. Ya kan ce mahaifinsa, wanda malamin zaure ne, haka yake yi a rabon gado: ba a haɗa sumuni da sudusi, wato ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, sai an mai da su bisa ashirin da huɗu.

Ni kuwa kwana uku nake yi in gama darasin. In rubuta ƙa'ida a allo, a ninka na ƙasa da na ƙasa, a gicciya na sama, yara su maimaita da ƙarfi har na ajin gaba su ji. Kafin jarrabawa sun manta. Ban ga laifina ba a lokacin. Ni ne ma na laƙaba masa Malamin Kara, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Akwai wani sufeton makarantu a zamanin. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Kowa ya san surukinsa ne ya sama masa kujerar. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki, aljihun gabansa cike da alƙaluma waɗanda ban taɓa ganin ya rubuta abin kirki da su ba. Yadda yake duba makaranta shi ne ya zauna a ofishin shugaba, a aika a sayo tsire, ya ci, ya sa hannu a littafin baƙi, ya tafi. Ranar da abin ya faru shugaban makarantarmu ya tafi gaisuwar mutuwa Shinkafi, ni ne mataimakinsa, ni na tarbi baƙon. Ba a tanadi tsire ba, saboda haka ya tuna cewa aikinsa ya haɗa da shiga aji.

Ajin Malam Lawali muka shiga. Yara sun tura bencina gefe, suna zaune a ƙasa rukuni-rukuni, ɓawon kara ko'ina. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa ya tattare riga, ya tambaya ko nan aji ne ko gona. Ya yi ta faɗa a kan malaman da ba su waye ba, masu ɓata sati biyu a abin da ake gamawa cikin minti biyar. Daga nan ya karɓi alli ya ce bari ya nuna yadda ake yi a zamanance. Ya rubuta ɗaya bisa biyu, a tara da ɗaya bisa uku. Ya tara na sama ya sami biyu, ya tara na ƙasa ya sami biyar. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, ya karkaɗe hannu, ya juyo yana jiran a yaba.

Wata yarinya mai suna Rahila, 'yar wani makanike ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe a Ƙaura, ta ɗaga hannu. Ta ce, cikin ladabi, ita abin da ba ta gane ba shi ne biyu bisa biyar bai ma kai rabi ba, to yaya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu. Sufeto ya dubi Malam Lawali, yana jiran ya tsawata mata.

"Yallaɓai, ɗiyar ta yi gaskiya," in ji Malam Lawali. "Biyar bisa shida ne. Ga shi nan ƙasa, sun auna."

Bai ɗaga murya ba, bai yi murmushi ba. Sufeto ya juyo kaina, ya ce ni ma ai malamin lissafi ne, in raba gardama. Ina da takardar neman ƙarin girma a teburinsa a lokacin. Na dubi allon, na dubi ƙasa, na ce ai lissafi hanyoyi ne da yawa, kowa da wadda ya saba. Wannan jimlar ce na faɗa a gaban yara arba'in da wani abu, ni da na yi shekaru ina cin abinci da lissafi. Aka sa Rahila ta durƙusa a rana har tashi. Washegari mahaifinta ya zo da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya tambaye ni abu ɗaya, shin amsar 'yarsa kuskure ce. Na ce masa maganar tarbiyya ce ba ta lissafi ba. Ya kalle ni, ya juya ya tafi.

Rahoton da aka rubuta ya ce Malam Lawali ya ƙazantar da aji, ya ƙi bin manhaja, ya kuma zuga ɗalibai su raina na gaba. Amma aka bar masa ƙofa: idan ya rubuta takarda ya amsa cewa shi ne ya yi kuskure, za a bar maganar. Ni aka aika masa da saƙon, don an san mu abokai ne. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar yana gyaran sarƙar keke. Na yi ta lallashi, na kawo masa maganar iyali, na ce takarda ce kawai, ba mai karanta ta.

"In don na ba shi kunya ne, zan ba shi haƙuri gaban kowa," ya ce. "Amma Malam Isah, in na rubuta shi ad da gaskiya, gobe mi zan ce ma yaran?"

Kafin wata ya ƙare aka mai da shi wata makaranta a ƙauye can bayan Gurbin Bore, ƙasar Zurmi. Matarsa, Malama Sa'a, ba ta iya binsa ba saboda 'ya'yansu huɗu suna karatu a Ƙaura, mahaifiyarta kuma tana kwance. Ya kama ɗaki ɗaya a gidan wani manomi. Ranar Juma'a ya hau tsohon babur ya zo gida, Lahadi ya koma, da damina kuma sai ya yi sati uku bai zo ba idan rafi ya kawo. Shekara goma sha biyu ya yi a haka. Duk lokacin da sunansa ya taso a ƙarin girma, sai a tarar da rahoton nan a fayil ɗinsa. Ni na zama shugaban makaranta bayan shekara biyu.

Ajinsa ni aka ba kafin a kawo wani malami. Amsar sufeto na nan a allo, ba wanda ya yi ƙarfin halin goge ta. Na goge, na wuce zuwa darasi na gaba, ban gyara wa yaran ba. Bayan shekaru, da ciwon hanta ya kwantar da Malam Lawali, na je duba shi a asibiti da niyyar neman gafara. Na fara kame-kame, sai ya katse ni ya tambaya ko na gyara wa yaran amsar daga baya. Na ce na gyara. Ya ce to alhamdu lillahi, shi ke nan, ba komai tsakaninmu. Bayan kwana shida ya rasu. Ƙarya na yi masa, kuma da ita ya yafe mini.

To, jawabin watan jiya. Sufeto ya yi ritaya tuni, ya zama Alhaji, ya buɗe makarantar kuɗi mai dogon suna na Turanci wanda ko masu gadinta ba sa iya faɗa. Aka gayyace ni bikin ba da kyaututtuka a matsayin tsohon shugaban makaranta. Ya tashi da sabuwar shadda, ya ce makarantarsa ta kawo sabuwar dabarar koyar da lissafi irin ta ƙasashen waje. Aka fito da dabarar a kan faranti: sandunan roba ne masu launi, wani an raba shi biyu, wani uku, wani shida. Iyaye suka yi tafi. Wata malama ta gaya mini daga baya cewa a kabad ɗin ofishinsa ake kulle su, ba a fito da su sai ranar baƙi, don kada yara su ɓatar. Sannan ya ce shi dama tun yana aiki yake son irin wannan koyarwa, har akwai wani haziƙin malami, marigayi Lawali, ɗan hannunsa, wanda shi da kansa ya zaɓa ya tura ƙauye don 'ya'yan talakawa su amfana. Ya nemi a yi masa fatiha. Muryarsa har tana rawa. Na shafa tare da kowa, aka kawo shinkafa na ci.

Na yi ta tunanin abin da Malam Lawali zai ce da yana nan. Ina jin ba zai kula da jawabin ba, zai nemi a ba shi littafin ɗalibi ɗaya ne ya duba. Ni na duba, na 'yar maƙwabcina da ke makarantar. An ba su ɗaya bisa huɗu a tara da ɗaya bisa uku, ta rubuta biyu bisa bakwai, malami ya ba ta maki cikakke da jan biro har da yabo. Malamin nan yana da takardar shaidar halartar taron bita guda uku a bangon ajinsa. Na san irin tarukan, na sha zuwa. A kawo wani daga birni da kwamfuta ya haska hotuna a bango, a ci abinci, a ɗauki hoto, kowa ya koma aji ya ci gaba da sa yara haddar abin da shi ma bai gane ba. Idan ka yi magana a ce ai yanzu kowace waya tana lissafi. Wayar kuwa ba ta gaya wa mutum cewa amsar da ya samu ba ta shiga hankali ba. Makarantar da Malam Lawali ya ƙare aikinsa a ciki kuma yau a buɗe gobe a rufe saboda 'yan bindiga, malamai ba sa son zuwa, ba na kuma ganin laifinsu. Manyan da ke jawabi a kan 'ya'yan talakawa ba wanda ya san hanyar garin a cikinsu.

Ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Bai bar littafi ba, bai bar gidan kirki ba, Malama Sa'a tana zaune wurin babban ɗansu a Shinkafi. A can na je gaishe ta ranar wata kasuwa, na biya wurin wani kafinta don a yi mini ƙyauren taga. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar. Yana aunawa yana magana da kansa: kaurin katako uku bisa takwas na inci, a bar rubu'i don kada ya cije da damina, rubu'i biyu bisa takwas ne, ya zama biyar bisa takwas. Bai taɓa waya ba, bai ko tsaya ba. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce shi ɗan wajen Gurbin Bore ne, rikici ya koro su, kuma aji biyu kawai ya yi a sakandare. Wani malami ne ya koya musu, mutumin Ƙaura, wanda ba ya duka. Ya yi ta ƙoƙarin tuna sunan, bai tuna ba.

Na gaya masa sunan, na gaya masa ya rasu shekara tara da suka wuce. Ya ajiye zarto, ya maimaita sunan sau biyu, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a doguwa. Da ya shafa sai ya tambaye ni ko ni ɗan'uwansa ne. Na ce a'a, tare dai muka yi aiki. Ya ce to ashe ni ma malamin kirki ne. Na ce ya ci gaba da awonsa.