Wata Uku Ba Mai a Miya

Ni 'yar Nariya ce ta ƙasar Kibiya, kuma a gidanmu ba a auna mai da cokali. Innarmu ƙuli-ƙuli take yi, don haka na tashi ina ganin man gyaɗa kamar ruwan randa, ana kamfata ba a tambayar kowa. Da aure ya kawo ni Rano na taho da wannan hannun. Mai gidana, wanda kowa ke ce wa Malam, gyaran rediyo yake a wata rumfa bakin kasuwa, ni kuma ina koyarwa a firamare har na yi ritaya. Shekara talatin da ɗoriya yana cin girkina, ƙorafinsa ɗaya ne: wai in ya gama, sai sabulu ya yi aiki sau biyu kafin hannunsa ya fita. Yana faɗa yana miƙo kwano a ƙara masa.

Yau ma da rana haka ya faɗa. Muna nan lafiya, yana shan maganinsa, yana takawa masallaci da ƙafarsa, rumfar ma yana leƙawa ya ba masu gyara shawarar da ba su nema ba. Amma akwai wata uku a zamanmu da ya ci abinci ko sabulu bai buƙata ba, kuma ni na jawo.

Hannunsa na dama ne ya fara rawa in ya ajiye shi. Muka ce sanyi ne, muka ce shekaru ne. Sai rubutunsa ya ƙanƙance, takunsa ya gajarce, in zai ɗiga dalma sai ta sauka inda bai nufa ba. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano. Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta fari ba. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ta ce na jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, ba a warkewa, amma magani na sassauta shi sosai.

Malam mai gyara ne, ba ya karɓar "ya lalace" sai an nuna masa inda ya lalace. Ya ce, "'Yata, a ciki me ya tsaya?"

Ta juya wata takarda ta yi zane. Ta ce jiki duka ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace a naɗe da 'yar fata siririya ta kitse. Fatar tana tsufa ana sabunta ta. A cikin ƙwayar akwai wata 'yar jaka da ke haɗiye tsofaffin guntaye, ta narkar da su, ta mayar da mai amfani a sake gini da shi. A jikin wasu masu irin ciwon nan jakar ce ke yin sanyi, tsohon kitse da tarkace su taru, ƙwayar ta gaji ta mutu. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba kamar na fata ba ne, in sun tafi ba sa dawowa.

Malam yana ta gyaɗa kai kamar an buɗe masa bayan rediyo. Ni kuwa magana ɗaya ce ta zauna min: kitse ya taru. To wa ya shekara talatin yana ɗura masa mai? Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Washegari na kyautar da galan ɗin man da ƙanwata ta aiko min daga Nariya. Miyar kuka ba mai ana iya lallaɓawa da ita, amma shinkafa da wake ba mai sai wanda ya ci ya sani. Nama na zauna na tsince kitsensa tas da wuƙa. Na aika wa mai shayin kusa da rumfarsa cewa ko Malam ya roƙa kada a soya masa ƙwai. Ni mace ce mai kafiya, in na ɗaura aniya ko ni ba na iya kwance ta. Da ƙanwata ta zo ta ɗanɗana miyar, ta ce, "Yaya, laifin me bawan Allah nan ya yi miki?" Na ce ta ci ko ta ajiye.

Shi kuwa bai taɓa ture kwano ba. Ya cinye, ya ce, "Sannu da aiki, Malama," ya tashi. Magani ya fara aiki, rawar ta ragu, na ce lallai bushewar tukunyata ce. Ina ganin yana ƙara jan mazagin wandonsa, na kau da kai. Gaskiyar magana, ban ji daɗin watannin nan ba ko kwana ɗaya. Duk sanda na ga hannun nan ya motsa, zuciyata sai ta ce min ke ce.

Da muka koma Kano bayan wata uku aka ɗora shi kan sikeli. Likitar ta duba kati, ta sake dubawa.

"Baba, ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, 'yata. Duk abin da aka ba ni."

Ta juyo gare ni. Na gyara zama na ce, "Likita, tun ranar da kika ce kitse ne ya taru na hana shi mai." Da alfahari na fara, amma ban kai ƙarshe da shi ba. Sai na ce, "Ai ni na jawo masa. Hannuna da nauyi wajen mai."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, wannan kitsen jiki ne ke ƙera abinsa, ko mutum ya ci mai ko bai ci ba. Ba ƙwayar da za ta rayu ba shi. Matsalar wajen kwashe tsohon take, ba ta da alaƙa da tukunyarki. Wasu gado ne, wasu shekaru, da yawa har yanzu ba mu san dalili ba. Ramar nan ce ma nake tsoro, ita za ta raunana shi ya dinga faɗuwa." Ta ce ya ci ganye, ya sha ruwa, ya yawaita tafiya, mai kuma a sa daidai misali. Da ta ce daidai misali Malam ya yi wani ɗan tari, na san da wa yake.

A motar haya muna dawowa, sai da duwatsun Rano suka fara leƙowa na iya buɗe baki. Na yi ƙasa da murya saboda mutane.

"Malam, kai ka gane bayaninta tun ranar farko?"

"Sarai na gane."

"Shi ne ka zuba min ido wata uku ina ba ka abinci kamar na horo?"

Ya ce, "Na ga likita na da abin yi min, mai magani na da abin yi min, ke kaɗai aka bari hannu biyu. Na ce to bari ki yi naki. Ban san laifi kika ɗora wa kanki ba, Malama. Da na sani, ranar farko zan kafa kai a galan ɗin nan a gabanki."

Na yi dariya har matar da ke gefena ta juyo, sai kuma ga hawaye, na sa bakin mayafi na share. Wata uku ina duban hannun nan ina ganin laifina. A motar nan na dube shi, na ga hannun mijina ne kawai, yana rawa.