Takardar da Na Ture

Ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Gyaran babur nake yi a Ƙofar Kwaya, boko kuma a aji huɗu na tsaya. Baki kawai Allah ya ba ni. In na zauna a majalisarmu bayan la'asar, har mai shayi sai ya ajiye buta ya riƙe ciki.

Bakin nan ne ya kai ni gidan talabijin. Shiri ne na mutum huɗu a bayan tebur, a kawo magana a yi ta barkwanci a kanta. Kafin a kunna kyamara wata ma'aikaciya ta raba mana takardu. Ashe abin da muke kallo a gida muna cewa kaifin ƙwaƙwalwa, duk rubutacce ne. Na ture tawa, na ce ni ba a rubuta mini dariya. Gaskiyar magana, rubutun ƙanana ne, kuma ba na son a ga ina bin layi da yatsa.

Sauran ukun suka yi ta zubo nasu sumul. Da aka juyo kaina, fitila a ido, komai ya gudu. Ba abin da ya zo mini sai taubashina, ɗan kawuna, wani tela. Na ba da labarin ranar da ya ga jinin ragon layya ya sume a gaban surukansa. Na kwaikwayi in'inarsa. Har layin shagonsa na faɗa. Mai kyamara kafaɗarsa rawa take yi don dariya.

Labarin nan na sha ba da shi a gabansa. Tsakanin taubasai ai ba laifi, yakan rama da nawa, wanda ya fi muni.

Bayan an nuna shirin na leƙa shagon. 'Yan acaɓa na wucewa suna yi masa kukan rago.

Na ce, "Sarkin fawa, yau ba a sume ba?"

Bai ɗago daga keken ɗinki ba. Ya ce, "A majalisa in ka faɗa, ina zaune, ina ramawa. A cikin akwatin talabijin wa zan rama wa?"

"Haba, wasa ne fa."

"Na sani, Malam. Ya iyali? Ya aiki? A gaida gida."

Tunda muka tashi bai taɓa ce mini Malam ba, jakin gidanmu yake kirana. Har yau a haka muke, a biki ko a zaman makoki: gaisuwa cikakkiya, ba ya rage ko ɗaya.

Gidan talabijin ba su sake nemana ba. Takardar kuwa, daga baya na ji abin da ke cikinta. Raha ce a kan tsadar tumatir.