Kawu Tanimu da Kafaɗar Golan Jajaye

Kawu Tanimu bai taɓa gaisawa da fuskar mutum ba sai ya gama gaisawa da rigarsa. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Kana miƙa masa hannu, shi idonsa na kan wuyan rigarka, ya gangara aljihu, ya sauka gwiwar wando, sannan ya ɗago ya ce, "To, yanzu ina kwana?" Shekara talatin da ɗoriya yana wanki a bakin rafin Kubanni, yana guga a zaurensa na Ƙofar Gayan, har ta kai in ka ba shi riga kamar wasiƙa ka ba shi ya karanta. Kullum maganarsa ita ce, "Mai riga ya yi ta zuba, ni rigar nake saurare."

Ni kaina da wando aka aurar da ni. Lokacin da Malam, maigidana, ya zo neman aurena, Baba ya sa a binciko halinsa, ana ta kai da komo. Kawu, da yake ƙanen Inna ne, ya ce a daina wahalar da ƙafa, a ce wa yaron ya kawo wanki. Malam ya kai, shi a zatonsa ciniki ake nema. Washegari sai ga Kawu a tsakar gidanmu da wando a kafaɗa.

"Yaya, a ba shi."

Inna ta ce, "Daga ganin wando, Tanimu?"

"Dubi gwiwa. Ta koɗe, alhali sauran wandon sabo ne fil. Wannan sujada ce. Aljihu ba garin taba. Aibinsa ɗaya, yana goge alƙalami a gefen riga. To wannan kuwa 'yarki ma tana yi, sai su haɗu su ƙarata."

Aka ba shi. Har yau Malam yana goge alƙalami a riga, ni kuma nake wankewa.

Amma abin da ya fi fito da Kawu fili shi ne ƙwallo. Kwaleji biyu ne ke karawa a garin nan a 'yan shekarun nan da suka wuce: ta horon malamai, masu shuɗiyar riga, inda wana Yaya Sule yake buga gaba, da kuma ta can wajen Tudun Jukun, masu jar riga. Kawu ɗan Shuɗaye ne na ƙin ƙarawa, tun ma kafin Yaya Sule ya shiga. Dalilinsa kuwa ba na ƙwallo ba ne. Ya ce shuɗi launin bula ne, mai haska farin kaya, ja kuwa zuba yake. Wai akwai ranar da jar riga guda ta ɓata masa farar babbar rigar wani alƙali, ta mai da ita kalar ruwan zoɓo, tun daga ranar bai yafe wa ja ba. Abin dariyar, wankin Jajayen nan kaf shi ake kawo wa, kwando biyu duk Litinin. Shuɗaye da yake mutuwar so, nasu mai wankin daban.

Kuma duk son nan, sau ɗaya tak ya taɓa shiga fili ya kalli wasa. Malam yana wurin, shi ya ba ni labari. Da damina ne, filin ya yi caɓi. Ba a yi minti biyar ba wani ɗan bayan Jajaye ya zame da gindi a cikin laka, cikin farin gajeren wandon da Kawu ya sa wa sitaci da hannunsa. Sai aka ji ihu daga cikin 'yan kallo: "Wandona! Kai ɗan nema, wandona!" Kafin a ankara Kawu ya tsallake igiya ya shiga fili. Alƙalin wasa ya yi ta busa usur, shi kuwa yana tsaye kan yaron yana tambayarsa ko a gidansu haka ake zama. Ƙarti biyu suka fitar da shi. Daga ranar, in ana wasa, sai ya zauna gindin mangwaron da ke bayan shinge, ya juya wa fili baya, carbi a hannu. Ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin ana wulaƙanta guga ba.

To mutumin da ba ya kallo, shi ne kuma mai ba Shuɗaye rahoton abokan karawa. Da yake ajami kaɗai yake rubutawa, malamin wasanninsu kuma boko yake karantawa, sai ya riƙa zuwa gidana ina amarya, ya zauna bakin ƙofar ɗaki, ya ce, "Malama Rakiya, ɗauko alƙalamin nan naku na makarantar 'yan mata." Bai san sunan 'yan wasan ba, da alamar zaren da yake ɗinka wa kowace riga ya san su.

"Rubuta. Mai ɗigo ɗaya, kyaftin ɗinsu. Bayan rigarsa gishirin gumi ya yi fari fat. Wannan gudu yake tun farko har ƙarshe, a sa masa mutum biyu, a kuma yi masa addu'ar gajiya. Mai ɗigo biyu, dogon nan na baya. Tun ranar da na yi masa faɗa wandonsa fes yake dawowa. Tsoron ƙasa yake, ba zai zame ya tare ba, a bi ta wajensa."

"Kawu, ai kai ka tsorata shi."

"Rubuta abin da na ce, ba abin da na yi ba. Mai gicciye, na gefen hagu. Aljihunsa kullum ɓawon gyaɗa da ɓawon rake. Kafin hutun rabin lokaci ku ji tsoronsa, bayan hutu cikinsa ya yi nauyi, ku ƙyale shi."

Da farko malamin wasanni dariya ya yi. Da ya ga abin na fitowa daidai, sai ya koma aiko da gaisuwa.

Mutum ɗaya ne ya gagari rahoton Kawu, shi ne golan Jajaye, Hamidu, wani siririn Bafillace daga Adamawa. Rigarsa dama da hagu duk ƙasa daidai wa daida, ba ta inda ba ya faɗawa. Shekara uku Yaya Sule yana buga masa, ko sau ɗaya bai zura masa ba. Ga shi kuma shekararsa ta ƙarshe a makaranta, ga wasan kofi ya zo, Shuɗaye da Jajaye. Yaya Sule ya rame. Inna ta ce ko tuwo aka sa masa sai ya yi ta juya loma kamar yana neman raga a cikin miya. Hamidu kuwa shi ke rako kwandon wanki wani lokaci, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba mai wanki, sannu da aiki." Kawu yakan ce, "Yaron kirki ne, launinsa ne kawai bai yi ba."

Ana saura kwana biyar wasa, Kawu ya shigo gidana ko sallama bai ƙarasa ba.

"Alƙalami! Na kama shi! Mako biyu ke nan ƙasa na gefen hagu kawai. Dama ko ƙura. Na sa hanci a kafaɗar dama, man zafi ya kusa tsige mini gashin hanci. Rubuta da manyan baƙaƙe: kafaɗarsa ta dama ta gurɗe, yana ɓoyewa. Sule ya buga masa dama."

Na rubuta. Yaya Sule ya zo ya karɓa yana tsalle, har ya ce zai sai wa Kawu sabon dutsen guga in ya fara ɗaukar albashi.

Washegari da hantsi sai ga Kawu ya dawo, a hankali wannan karon, da wata farar riga a hannu. Ya buɗe ta. Shatin dutsen guga ne baƙi ƙirin a tsakiyar baya.

"Shekara talatin ban taɓa ƙona kayan mutum ba. Yau na ɗora dutse na manta, hankalina na wani wuri. Rakiya, ke kin yi karatu, gaya mini gaskiya. Abin da muka rubuta jiya, wayo ne ko cin amana?"

Na so in lallashe shi, amma na ga tsakani da Allah yake tambaya. Na ce, "Kawu, ƙasar da ke jikin riga, duk wanda ya je fili zai iya gani. Amma man zafin nan, yaron ɓoye shi ya yi, kuma ba wanda ya ji sai hancin da aka ba wa wanki."

Ya sake duban shatin da ke jikin rigar. Can ya ce, "Ni ma abin da rigar nan ta gaya mini ke nan. Sake rubuta mini irin ta jiya, kada ki rage ko ɗigo."

Da ƙafa ya tafi har Tudun Jukun cikin rana, ya sa aka kira masa Hamidu, ya danƙa masa takardar. Ya ce, "Karanta. Wannan na ba abokan karawarka. Na ci amanarka, na zo ka sani." Bai tsaya nan ba. Ya nemi izinin malaminsu, ya taso yaron gaba har cikin birni wajen maɗori, aka ja kafaɗar, ya yaga tsohon rawaninsa aka ɗaure. Daga nan ya wuce gidan Inna ya gaya wa Yaya Sule duk abin da ya yi.

Wayyo, ranar unguwa ta ji mu! Yaya Sule ya ce, "Kawu, kai namu ne ko nasu?"

"Naku ne, ɗan nema! Har gobe ina roƙon Allah ku ci su biyar. Amma ku ci su, ba ni in ci su da hanci ba."

"Shekara uku, Kawu! Shekara uku ana mini dariya!"

"To ka ƙara kwana huɗu, ba za ka mutu ba."

Yaya Sule ya daina gaishe shi. Wannan ya yi wa Kawu ciwo fiye da yadda ya nuna, don shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, shi kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba.

Ranar wasa ina gida ina tankaɗe, amma rabin garin a filin ƙwallo ya zube. Malam ne ya kawo mini labari. An yi ta gwabzawa ba ci, har saura kaɗan a tashi, sai dogon nan mai tsoron ƙasa ya sa hannu ya tare ƙwallo a gaban raga. Fenariti. Aka ajiye wa Yaya Sule. Shi ya san kafaɗar dama ce mai ciwo. Hamidu ya san ya sani. Filin ya yi tsit, har Kawu daga gindin mangwaro ya tambayi mai rake ko an tashi ne.

Yaya Sule ya ja da baya, ya zo, ya buga. Hagu ya buga, wajen lafiyayyen hannun. Hamidu kuwa, da yake takarda ta ce dama, ya rufe ido ya yi tsalle dama, ya faɗi a kan ciwon. Ƙwallo ta shige raga abinta.

Shuɗaye suka ɗauki Yaya Sule a kafaɗa, ana ta cewa ya iya dabara. Da yamma ya zo zauren Kawu, ya tsuguna, ya ce, "Wallahi Kawu ba dabara ba ce. Na ɗaga ido na ga tsumman rawaninka ya leƙo ta wuyan rigarsa, ƙafata ta ƙi. Na ce gara ya kama."

Kawu ya dube shi daga wuyan riga har gwiwa, ya ce, "Tashi, ka ɓata wando."

Ran Litinin da kwando ya zo, Kawu ya zaro rigar gola, ya ga laka shafe a kafaɗar dama. Matarsa, Gwaggo Asabe, ta ce ya daɗe riƙe da ita. Ya ce, "A kan ciwon ya faɗi. Bai ji tsoro ba." Ita kaɗai ya wanke daban, a ruwan ɗumi, jar rigar da ya ce ba ya yafe wa. Rahoto kuwa bai fasa ba, sai dai ya kafa doka: ƙasa da gumi da ɓawon gyaɗa a rubuta, ciwo kuma sirrin mai riga ne.

Yau kwana arba'in da rasuwar Kawu. Da aka buɗe akwatinsa aka tarar da likkafaninsa a ninke, a goge, ya rubuta a 'yar takarda da ajami: "Ba bula, ba sitaci, kada wani ya sake gogewa, ba ku iya ba." Mata muna kuka muka fashe da dariya, Allah ya yafe mana.

Hamidu yanzu akawu ne a unguwar Kongo, nan cikin garin. Yana jin labari ya hau keke, ya iso kafin a yi wa gawar wanka. Ya roƙi liman a bar shi ya zuba ruwa. Malam ya ce su biyu suka tsaya, shi da Yaya Sule, ɗaya na zubawa ɗaya na tallafewa. Da ya zo yi mana ta'aziyya ta bayan zana, ya miƙo mini wata tsohuwar takarda duk ta yi laushi, rubutun hannuna ne, da manyan baƙaƙen nan. Ya ce, "Yaya Rakiya, ba wanda ya taɓa cutata ya tako da ƙafarsa ya gaya mini sai shi."

Ya Allah, bawanka Tanimu ya ƙare rayuwarsa yana wanke na mutane. Ka wanke shi daga kurakuransa kamar yadda ake wanke farar riga daga dauɗa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya koyi rufa na wasu, ka tufatar da shi da tufafin Aljanna. In kuma launi za a zaɓa masa, ya Rabbi, kai ka fi kowa sanin wanda yake so. Amin.