Daeng Kanang Mai Ƙwanƙwasa Jirage

A bakin tekun Tana Beru, garin masassaƙan jiragen ruwa, inda ƙarar gizago ke riga rana fitowa, akwai rumfar wata mata mai sayar da kofi da soyayyar ayaba. Sunanta Daeng Kanang, Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinsu, ga mace ko namiji. Kofin nata ba wani abin a zo a gani ba ne, ayabar ma wani lokaci sai an kankare baƙi kafin a ci, amma bencinta ba ya rabuwa da mutane. Duk mai hankalin da ya zo sayen jirgi a nan yake fara sauka. Marasa hankalin kuma a nan suke ƙarewa bayan wata shida, su zauna su yi tagumi su ba da labari.

Mahaifinta, Daeng Ngalle, masassaƙin jirgi ne da ake ji da shi a zamaninsa. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, duk mata, shi kuma a ganinsa hannun mace ba na riƙe gizago ba ne. Don haka aikin Kanang tun tana ƙarama shi ne kai masa abinci da miƙa masa turakun itacen da ake haɗa falankai da su. Ya hana ta taɓa kayan aiki, amma ya manta bai toshe mata kunne ba. Tana zaune a inuwar jirgi take jin yadda busasshen katako ke amsawa tas in an buge shi, ɗanye kuma ya amsa dum, kamar an bugi cikin wanda ya ƙoshi. Kafin ta kai shekara goma sha biyar, in wani daga cikin ma'aikatan uban ya yi ha'inci a wani falanki, ita ke fara sani.

Ba wanda ya kula da wannan sai bayan aurenta. Mijinta, Daeng Sikki, masunci ne mai son a gan shi. Ya hango wani jirgi shuɗi mai ratsin rawaya a wurin wani masassaƙi, ya kasa cin abinci. Ta bi shi ta gani, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta ce ɗanyen katako ne. Ya yi dariya ya ce tun yaushe masu soya ayaba suka fara sanin jirgi. Ya saye shi. Bayan wata uku aka dawo da shi a jirgin wasu, daga shi sai zanin da ke ƙugunsa da tukunyar dafa shinkafa da ya rungume. Ta ba shi busasshen zani, ta haɗa masa kofi mai zafi, ta bari ya sha rabi, sannan ta ce, "Daeng, fentin fa? Shi ma ya nutse, ko yana can yana jiran ka?"

Labarin ya zaga gari. Daga nan masunta suka fara zuwa a ɓoye, kowa ya ce wucewa yake yi, sai kuma ya ce ko za ta ɗan leƙa masa wani jirgi. Da mijin ya rasu bayan shekaru, ta kafa rumfarta, zuwan ya koma a fili. Kayan aikinta biyu ne, ƙaramar taɓaryar da take daka barkono da wata tsohuwar basilla. Ba ta karɓar ladan dubawa. Ka dai sha kofin, kuma ka shanye shi duka.

Masassaƙa kuwa ba duka ke son ganin ta ba. Akwai waɗanda in sun hango ta tafe da baƙo sai su tuna suna da ta'aziyya a wani ƙauye.

Abin da ya fi yi mata ciwo a rayuwarta ya faru ne tana da shekara sittin da ɗoriya. Ƙanwarta ta rasu tun da daɗewa ta bar ɗa, Sapri, ita ta goye shi ta raine shi har ya zama masassaƙi mai wurin kansa. Hannunsa na kakansa ne, wannan ba musu. Sai dai ya lura mutanen birni da ido suke sayen jirgi, shi kuma katako mai kyau sai ya shekara yana bushewa. Ya ga ba shi da lokacin jiran itace ya gama shan iska.

Wata safiya wani dattijo ya sauko daga mota da lema a hannu, ko da yake ba ruwa ba rana. Pak Guru Baharuddin ke nan, wato Malam Baharuddin, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana shugabancin makarantar firamare a cikin gari, ya yi ritaya, ya yanke shawarar zai riƙa ɗaukar fasinja zuwa tsibirin da ke tsallake. Bai taɓa riƙe filafili ba, amma ya karanta wani ɗan littafi a kan jirage har sau biyu, kuma ya zo da abin awo. Matarsa ce ta rantse ba zai sayi komai ba sai Daeng Kanang ta gani.

Ya tsaya a bakin rumfa bai zauna ba. "Ke ce Daeng Kanang? Na riga na zaɓi jirgi na kuma auna shi. Tsayinsa da faɗinsa sun dace da abin da masana suka rubuta. Iyalina ce dai ta matsa."

"Masha Allah, Pak Guru," in ji ta. "Su masanan sun hau shi?"

"Ba sai sun hau ba. Lissafi ne."

"To zauna ka sha kofi. Jirgin wa?"

Da ya ce na Sapri, hannunta ya tsaya a kan buta. Ta kwana biyu ba ta leƙa wurin yaron ba, kuma ta ga motar da ta sauke masa katako watanni uku da suka wuce, ganye ma bai gama bushewa a jikin wasu ba. Ta so ta ce ƙafarta na ciwo. Ta dubi dattijon, ta tuna mutane zai ɗauka, mata da yara, sai ta ɗauki taɓarya ta soke basilla a ɗankwalinta.

Jirgin kam ya yi kyau. Fari ne sol, da jan layi a gefe, yana sheƙi kamar an shafa masa man kwakwa. Sapri na ganin ta ya taso da murmushin da bai kai ido ba.

"Tanta, da kanki? Ai da kin aiko na zo," in ji shi, Tanta kuwa inna ke nan a bakinsu.

"Ba kai na zo gani ba, Nak, ɗana. Fuskarka na sani."

Ta fara daga baya tana bugawa a hankali, kunnenta a jikin katako. Falanki na farko ya amsa da kyau, na biyu ma haka. Daga na uku zuwa ƙasa, inda ruwa ke taɓawa, sai dum, dum.

"Wannan itacen yaushe aka sare shi?"

"Ya daɗe, Tanta."

"Ya daɗe? Tsuntsun da ya yi sheƙa a kansa har yanzu yana yawo yana neman gidansa."

Pak Guru ya gyara murya ya ce shi dai sauti ɗaya yake ji. Ta ce ai ba laifi, wanda ya yi shekara talatin cikin ihun yara dole kunne ya gaji. Ta zaro basilla ta soka a tsakanin falankai biyu. Maimakon ɓawon itacen da ake dannawa a ciki har ya yi tauri, sai basillar ta shige kamar a cikin dafaffen rogo, ta fito da garin katako da aka kwaɓa da gam.

"Nak, wannan jirgi ne ko waina?"

"Ɗan wuri ne kawai na cike."

Ta soka a wasu wurare huɗu, ko'ina ɗan wurin ne. Ta tattare zani ta hau ciki, ta durƙusa tana laluben haƙarƙarin jirgin. Inda ya kamata a ga kan turakun itace, sai ta kankare fenti da farce ta tarar da ƙusoshin ƙarfe irin na rufin ɗaki, waɗanda gishirin teku ke cinyewa kafin shekara ta zagayo. Haƙarƙari biyu kuma ba su ma taɓa falankin ba, an cusa musu ɓaraguzan katako don su yi kamar sun zauna. Ta daɗe a durƙushe, ba don akwai sauran abin dubawa ba.

Da ta sauko ta ce, "Pak Guru, kada ka saya. In ka matsu, ka je wurin tsohon can mai ido ɗaya a ƙarshen layi. Jirginsa mummuna ne kamar shi, amma jikokinka za su gaje shi."

Pak Guru ya riga ya ga jirgin tsohon mai ido ɗaya. Ba fenti, kuma da ya auna shi ya tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya da faɗin yatsa. Ya bayyana mata cikin haƙuri, irin yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa zamani ya wuce bugun katako da taɓarya. Ya tambaye ta ko ta yi makaranta. Ta ce a'a, amma ta ji an ce teku ma ba ta yi ba.

Bayan dattijon ya tafi kawo kuɗi, Sapri ya tare ta, idonsa ja.

"Tanta, a gaban baƙo? Ni kika tona wa asiri?"

"Teku ce za ta tona maka. Ni riga ta kawai na yi, don ni ba na cin mutane."

"Ke kika raine ni fa."

"Shi ya sa ban aiko wani ya faɗa maka ba."

Ya juya mata baya. Ranar ba ta sayar da ayaba ko ɗaya ba, duk ta bar su sun ƙone a kasko tana kallon su.

Pak Guru ya sayi jirgin Sapri, ya raɗa masa suna Hasken Ilimi, aka yanka akuya, aka tura shi ruwa. Kuma a faɗi gaskiya, bai nutse ba. Sha kawai yake yi. Da katakon ya fara bushewa a sama yana kumbura a ƙasa, sai kowace gaɓa ta buɗe baki. Pak Guru ya sayi roba ɗaya ta kwasar ruwa, sannan uku, daga baya duk fasinjan da ya shiga sai a miƙa masa tasa tun kafin ya zauna. Mutumin da ya yi ritaya don ya huta ya samu aikin da ko a ƙuruciya bai yi irinsa ba, har damatsansa suka fito. Ƙarshen abin shi ne ranar da ya ɗauki 'yan kai amarya. Uwar ango ta sauka a tsibiri da zanin silikinta jiƙe har gwiwa, faranten kayan zaƙi na yawo a tsakanin ƙafafun mutane. Tun daga ranar ko kyauta ba mai hawa. Aka jawo Hasken Ilimi kan yashi, kaji suka same shi.

Shi kuwa Sapri, aiki ya ɗauke masa ɗif. Ba Daeng Kanang ce ta yaɗa zancen ba, uwar angon ta ishi kowa. Wata takwas in ya zo wucewa sai ya bi ta bayan rumfar, ko a Sallah bai je gaishe ta ba. Ita ma ba ta aika ba, sai dai kullum tana ware masa ayaba biyu a gefe, in yamma ta yi ta ba wa wanda ya tarar.

Wata rana da hantsi Sapri ya shigo ya zauna a ƙarshen benci, ya rame. Ya sha kofi har ƙasa, sannan ya ce, yana kallon ƙafarsa, "Akwai wani da na gama. Ban shafa masa komai ba tukuna."

Ta bi shi. Tun hantsi take bugu har aka kira azahar, ba falankin da ta tsallake. Ta soka basilla har hannunta ya gaji, ba inda ta shiga. Can kusa da gaba ta samu falanki ɗaya mai ɗan farin gefe, inda tsutsar ruwa ke fara ci. Ta nuna masa da taɓarya. Ya ɗauko kurfi ya fara cire shi.

"Da kakanka na nan," in ji ta, "sau ɗaya kawai zai zage ka."

Sapri ya sunkuyar da kai yana dariya, yana share ido da bayan hannu. Duk wanda ya san Daeng Ngalle ya san wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Bayan shekara guda sai ga Pak Guru a rumfar, wannan karon ya zauna. Ya rage murya ya ce ya samu mai saye, wani Haji Tajuddin daga birnin Makassar, amma mutumin ya ce sai ta duba. Ba ƙarya yake so ta yi ba, a cewarsa, ta dai taƙaita bayani.

"Ban iya taƙaitawa ba, Pak Guru. Ban yi makaranta ba."

Da Hajin ya iso, suka tsaya a gaban jirgin, aka kori kaji. Pak Guru na ta gumi. Ta tambayi baƙon wace teku zai saka shi.

"Teku kuma? A'a, Daeng. Gidan abinci gare ni. A ƙofa zan kafa shi, in jera tebura a ciki mutane su ci gasasshen kifi."

Ta mayar da basillarta cikin ɗankwali. "Saya, Haji. In dai a tudu ne, duk Tana Beru ba jirgin da ya kai shi. Ka dai yi masa rumfa, don ta sama ma yana sha."

Washegari aka ɗora Hasken Ilimi a bayan babbar mota aka ɗaure da igiyoyi. Pak Guru ya roƙi direban ya bar shi ya zauna a ciki har bakin gari, aka bar shi. Waɗanda suka gan shi sun ce ya miƙe ƙafa, ya buɗe lemarsa, yana ɗaga wa mutane hannu har motar ta sha kwana.