Motar Yaya a Garejin Small Heath

Ni na fara ganin motar. A lokacin ina karatu a Manchester, yayana kuma yana Birmingham da iyalinsa, yana aikin akanta. Wata Juma'a ya kira ni ya ce akwai wata tsohuwar Baturiya a bayan gari, mijinta ya rasu ya bar mota a rumfa, in je in dubo masa. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu, irin ta tseren zamanin da, koriya. Rufinta na tamfol ya yayyage, tayoyin duk sun kwanta. Daga bakin rumfar na kira shi.

"Yaya, wannan ai gawa ce."

Ya yi dariya. "Ka ce mata na saya."

Aka ɗora ta a bayan babbar mota aka kai ta unguwar Small Heath a Birmingham, inda ya kama hayar gareji a wani lungu bayan layin gidajensu. Jerin garejoji ne na bulo, kowanne da ƙofar ƙarfe wadda ake ɗagawa sama, babu taga ko ɗaya. Hunturu ya riga ya shigo. Duk ƙarshen mako sai in hau jirgin ƙasa in zo, mu duƙufa kwance ta, don Yaya ya ce sai ta koma ƙashi zalla kafin a fara gyara.

Mun cire bamba da fitilu, mun fitar da kujerun da ɓeraye suka yi gida a cikinsu. Kowane noti tsatsa ta cinye shi, sai mu fesa masa mai mu jira, wani ya kwance, wani ya karye. Sifana kuwa in ka ɗauke ta babu safar hannu, sai ka ji kamar za ta manne da fatarka. Ranar da Yaya ya danna sukudireba a ƙasan motar ta ɓurma kamar ganye, gabana ya faɗi, domin wannan ƙarfen ne muka ɗora a kan jak, kuma ƙarƙashinsa yake shiga ya kwanta. Tun daga ranar, in yana ciki idona ba ya barin jak ɗin. Duk tsorona a kan motar yake, kada ta faɗo masa.

Asabar ɗin da abin ya faru, dusar ƙanƙara ta zubo, ta narke, ta sake daskarewa. Yaya ya samo hita mai aiki da tukunyar gas. Da muka dawo daga sallar Azahar iska tana shigowa tana yankar fuska, sai muka ja ƙofar har ƙasa, abin da ba mu taɓa yi ba. Garejin ya yi ɗumi. Har na cire hula.

Giyabos, wato akwatin giyar motar, muke so mu raba da injin. Yaya ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ni ina tsugune ina haska masa tocila ina miƙa kaya. Can na ji kaina ya fara sarawa. Na ɗauka yunwa ce.

"Miƙo min ƙaramar sifanar nan," in ji shi.

"Tana hannunka, Yaya."

"Au." Ya yi wata dariya mai nauyi. Jim kaɗan ya sake cewa in miƙo masa ita. Na so in tsokane shi, amma harshena ya yi nauyi, barci mai daɗi yana jana. Na jingina da tayar gaba. Ƙarar ƙarfen da nake ji daga ƙasa ta ɗauke, ban ma lura da lokacin da ta ɗauke ba.

Wayata ce ta farkar da ni. Matar Yaya ce, wadda nake kira Anti, ma'aikaciyar jinya ce.

"Abinci ya sauka, ku taho kafin ya huce. Kai, me ya samu muryarka? Ba ni yayanka."

Na kira shi. Shiru. Na kama ƙafarsa na girgiza, ƙafar ta tafi ta dawo kamar ba ta mutum ba.

"Anti, ba ya amsawa."

"Kun kunna hitar nan? Ƙofa a buɗe take?"

"Mun rufe."

Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. "Innalillahi! Ka buɗe ƙofa! Yanzu! Kada ka tsaya komai!"

Na miƙe, gwiwoyina suka ƙi, na zube. Da rarrafe na kai bakin ƙofar. Na kama mariƙinta na ja sama, ko motsi ba ta yi ba. Ruwan da ya taru a ƙasanta ya daskare ya riƙe ta, ni kuma babu ƙarfi a hannuna. Na waiga na ga takalman Yaya sun leƙo daga ƙarƙashin motar, hitar tana ci da jan wutarta, ga muryar Anti tana fitowa daga wayar da na yar a ƙasa. A nan na san cewa mutuwa muke yi. Ko tunanin kashe hitar bai zo min ba. Na lalubo wani ƙarfe na dinga dukan ƙofar ina salati, ban san ko da ƙarfi nake dukan ba ko a hankali.

Wani dattijo ɗan Pakistan da ke ajiye kayan shagonsa a garejin kusa da namu shi ya ji. Na ji ana harbin ƙofar da ƙafa daga waje, ƙanƙarar ta fashe, ƙofar ta ɗaga. Iska mai sanyi ta buge ni, na kifa kai na yi amai. Dattijon ya tsallake ni, ya kama ƙafafun Yaya ya jawo shi har tsakiyar lungu, ya koma ya rufe gas ɗin. Yaya yana kwance a kan ƙanƙara, idonsa rabi a buɗe, baƙin mai a kumatunsa. Sai ga Anti a guje da silifas, hijabinta a karkace, waya a kunne tana yi wa masu motar asibiti kwatance. Ta durƙusa ta sa kunne a bakinsa.

"Yana numfashi," ta ce. Ta juya shi ta gefe, tana kiransa, "Abban yara, Abban yara."

A cikin motar asibitin ya buɗe ido, an rufe mana hanci da baki da robar iska. Ya dube ni kamar bai gane ni ba, sannan ya lumshe. Likita ta ce mana hitar ce ta cika garejin da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, kuma wanda ta kama barci kawai yake ji. Ni an sallame ni washegari, shi suka riƙe shi.

Tsoron bai ƙare a asibiti ba. Makonni Yaya yana mantuwa. Zai tashi ɗauko abu ya tsaya a tsakiyar falo. Mutumin da lissafi ne sana'arsa, ya kasa taya 'yarsa aikin makaranta. Anti takan kira ni daga kicin da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yau ma ya tambaye ni abu ɗaya har na gaji." Ni kuma a Manchester na kasa kwana da taga a rufe. Abokin zamana a gidan haya ya yi ta ƙorafin sanyi. Ko ɗan ciwon kai na ji a laburare, sai in tattara littattafai in fita waje in tsaya ina shaƙar iska.

A hankali kansa ya dawo daidai, alhamdu lillahi. Anti ta riƙe makullin garejin har sanyi ya wuce. Ranar da ta ba mu, muka ɗaga ƙofar muka tarar da komai yadda muka bar shi, kwalin a shimfiɗe, tocilar ta mutu. Yaya ya daɗe a tsaye bai shiga ba.

"Mu sauke ta daga jak," ya ce, "mu turo ta waje."

A lungun muka ƙarasa kwance ta, mutane suna ratsa mu suna kallo. Har yau ba ta hau titi ba, jikinta yana wurin mai walda.

Sai da azumi ya zo Yaya ya gaya wa Hajiyarmu da ke Kano abin da ya faru a waya. Ta tambaya ko dattijon nan da ya cece mu yana da iyali. Da wani ɗalibi zai taho, ta aiko wa dattijon da turare da dadduma, da atamfa ta matarsa. Ni na kai masa shago. Ya rungume ni, ya zaunar da ni a kan buhun shinkafa, ya ce ba inda za ni sai mun sha ruwa tare.